Muryar Narambaɗa a Cikin Waya: Ina Sunan Mai Fasaha, Ina Rabonsa?

Laccar da aka gabatar a garin Ɗan Isa, ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, jihar Zamfara

 

Mai girma uban ƙasa, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Limamai da malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Dagatai da masu unguwanni, iyayenmu mata, malaman makaranta, ɗalibai da matasan wannan gari da suka ɗauki nauyin shirya wannan zama, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga waɗanda suka taso daga Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, alhali kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Sannunku da ƙoƙari, Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

An nemi in yi magana a kan fasahar zamani da haƙƙin mallakar fasaha. Batun yana da faɗi, don haka zan kama shi ta inda ya fi kusa da mu, wato ta wajen murya. Wannan yanki namu gidan manyan makaɗa ne. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, a tsohuwar ƙasar Isa, nan kusa da mu ta wajen Shinkafi. Kassu Zurmi sunansa ya faɗi garinsu. Ga Amali Sububu mai waƙoƙin noma, ga Sa'idu Faru, ga Musa Ɗanƙwairo Maradun, ga Sani Sabulu na Kanoma. Da za a tattara wayoyin da ke cikin wannan taro a bincika, na tabbata za a tarar da muryar ɗaya daga cikinsu a mafi yawansu. To, ta wace hanya muryar ta shigo wayar? Wa ya karɓi kuɗi a hanya? Me ya isa ƙofar gidan mai muryar?

Na san wani zai ce a ransa, mutanen da ke fama da 'yan bindiga, waɗanda gonakinsu na nesa suka gagara nomawa, ina ruwansu da zancen haƙƙin waƙa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Amsata ita ce, wanda aka ƙwace wa shanu da hatsi bai kamata ya bari a haɗa har da abin da ke cikin kansa ba. Fasaha da ilimi suna cikin 'yan dukiyoyin da suka rage a hannunmu. Abin da zan kare a yau shi ne, mai fasaha yana bin mu abu biyu, sunansa da rabonsa, kuma na'urorin zamani sun sauƙaƙa mana cinye duka biyun ba tare da mun ji a jikinmu ba.

Na ɗaya: ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Ana yawan cewa haƙƙin mallakar fasaha dokar Turawa ce. Gaskiya ne yarjejeniyar farko ta ƙasa da ƙasa a kan wannan batu an ƙulla ta a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1886, Najeriya kuma ba ta shiga ba sai 1993. Amma tun kafin a yi wannan zama, malamanmu suna da tsarinsu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekara kusan biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Ku duba yadda shi da almajiransa suke rubutu. Ba sa kawo magana sai sun ce wane ne ya faɗa, a littafi kaza. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowanne. Almajiri ba ya zama ya karantar da littafi sai malaminsa ya ba shi ijaza, kuma ijazar tana ɗauke da jerin sunaye daga baki zuwa baki har a kai ga mawallafi. Marubucin waƙar ajami yakan rufe waƙarsa da sunansa da na mahaifinsa, ya sa ramzi, wato haruffan da in an lissafa su za su ba da shekarar da aka yi ta. Idan wani ya ga waƙar magabaci ta burge shi, yana so ya ƙara a kanta, akwai ƙofar da aka buɗe masa: ya yi mata tahamisi, ya ƙara layi uku a kan kowane baiti mai layi biyu, ya kuma bayyana cewa asalin na wane ne, ƙarin nasa ne. Nana Asma'u ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, kuma har yau an san wanda ya yi asali, an san wadda ta fassara.

Kun ga ba a hana kwafa ba. Ai da kwafar hannu littattafan suka yaɗu daga Sakkwato har Adamawa. Abin da aka hana shi ne yanke sunan mai abu, da sauya masa magana.

A ɓangaren makaɗa kuwa, nan ne rabo ya fito fili. Narambaɗa makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Makaɗin fada yana da ubangida, ubangida kuma yana ɗauke da shi: doki, riga, hatsi, wani lokaci har gona da gida. Abin da aka samu ana raba shi da 'yan amshi da masu kiɗa, kowa gwargwadon matsayinsa. Makaɗi yana kiran sunan kansa a cikin waƙa, yana yi wa kansa kirari, yana ambaton yaransa. Wanda duk ya ji Bakandamiya, waƙar Narambaɗa, ya san mai ita, domin mai ita ya dasa kansa a ciki yadda ba za a iya cire shi ba. Ba na cewa tsarin ba shi da aibu. Yakan ɗaure makaɗi ga fada ɗaya, kuma ɗan amshi kan tsufa bai tara komai ba. Amma mai sauraro da mai waƙa suna ganin juna ido da ido, kuma kunya tana aiki a tsakaninsu.

Manoman da ke nan za su gane abin da nake nufi. Idan mutum ya ba ka aron gona, in kaka ta yi kakan aika masa da dami ɗaya ko biyu. Damin ba shi ne kuɗin gonar ba. Shaida ce cewa ba ka manta mai ita ba, kuma 'ya'yanka da suka ɗauki damin a ka sun san gonar ba ta gidanku ba ce. Shekarar da aka daina aika dami, daga nan rigimar gado take farawa. Waƙoƙin magabatanmu mun daɗe muna noma su ba dami.

Na biyu: abin da na'ura ta sauya

An fara da garmaho da faifai. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, muryoyin makaɗanmu suka isa inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Sai kaset ya zo, wanda kowa zai iya kwafa in yana da rikoda biyu. Sai faifan CD. Sai katin memori da Bluetooth da Xender, sai WhatsApp da TikTok. Kowane mataki ya rage kuɗin kwafa, har muka kai yau da kwafa ba ta cin komai sai ɗan caji.

Masu shirya finafinan Hausa su suka fi jin wannan a jikinsu. Daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, sana'ar ta tsaya ne a kan sayar da kaset da faifai, kuma kasuwar Ƙofar Wambai ita ce cibiya. Da turi, wato tura fim da waƙa cikin wayoyi, ya kankama, sai ya zama fim ya fito da safe, kafin la'asar yana cikin wayoyin garuruwan da furodusa bai taɓa jin sunansu ba. Kasuwar faifai ta mutu. Shi ya sa kuka ga an koma finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina, ana sa su a YouTube da tashoshin talabijin, ana dogaro da kuɗin talla.

A nan ina so in yi adalci. Yaron da ke zaune a rumfar caji a kasuwar Shinkafi ko tashar Ƙaura, da kwamfutarsa da ɗan janareto, yana tura waƙa da fim ana ba shi 'yan nairori, ba shi ne babban mai laifi ba. Yaro ne da ya zaɓi sana'a a lokacin da wasu sa'o'insa suka zaɓi daji. A wurin da data take da tsada kuma sabis yake zuwa yana ɗaukewa, shi ne ɗakin karatun gari. Ba na neman a kore shi. Ina neman a shigar da shi cikin tsari, yadda wani abu daga cinikinsa zai riƙa komawa ga masu abin.

Babban kuɗin yana can sama. Bari in bayyana yadda yake tafiya, don da yawa ba su sani ba. Wanda ya buɗe tasha a YouTube, idan ya tara mabiya 1,000 kuma aka kalli abin da ya ɗora na awa 4,000 a cikin shekara, yana iya neman a fara sa masa talla. Daga kuɗin tallar dogayen bidiyo, kashi 55 cikin 100 nasa ne, sauran na kamfani. Akwai kuma wani tsari nasu mai suna Content ID, wanda ke gane sautin waƙa duk inda aka ɗora ta, ya karkatar da kuɗin zuwa ga wanda aka yi wa rajistar mallakarta. Ku lura da wannan: na'urar ba ta san wanda ya yi waƙa ba, wanda ya kai ta da takardu ta sani. Yanzu ku rubuta sunan Ɗanƙwairo ko Narambaɗa a YouTube, ku ga yawan tashoshin da za su fito. Wasu masu tashoshin masoya ne na gaskiya, sun ceto waƙoƙin da da sun ruɓe a cikin tsofaffin kaset, kuma sun cancanci godiya. Amma nawa ne daga cikinsu suka taɓa sallama a gidan magada?

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya taɓa. A 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya rera waƙa mai suna Mbube a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Gallo a Johannasbag, aka sallame shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Waƙar ta haye teku, mawaƙan Amurka suka sauya mata riga, a 1961 ta zama ta ɗaya a ƙasar, a 1994 kamfanin Disney ya sa ta a fim ɗinsa na zaki wanda duniya ta kalla. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan an kai ƙara kotu, aka yi sulhu aka fara biyan 'ya'yansa mata. Shekara 44 bayan rasuwarsa ke nan. Abin da ya ceci iyalinsa shi ne akwai faifan asali, akwai suna, akwai kwanan wata. Mu fa, me muka ajiye?

Na uku: abin da dokar ƙasa ta ce

A watan Maris na 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallakar fasaha ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Hukumar da ke kula da ita tana nan tun 1989. Ga kaɗan daga abin da ya shafe mu.

Ba sai ka yi rajista kafin haƙƙinka ya tabbata ba. Da zarar ka ƙirƙiri abu naka kuma ya zauna a wani mazubi, takarda ce ko kaset ko waya, haƙƙi ya kafu. Rajista a wurin hukuma shaida ce da za ta taimake ka ranar gardama.

Waƙa da rubutu suna cikin kariya tsawon ran mai su, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Mu yi lissafi tare. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan sai ƙarshen 2061. Mamman Shata ya rasu a 1999, sai 2069. Abubakar Imam ya rasu a 1981, sai 2051. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, don haka ko shi wa'adinsa bai cika ba, amma ya kusa, kuma wannan ya kamata ya tayar da hankalin duk wanda abin ya shafa. Shi kuwa sautin da aka ɗauka a faifai ko kaset, da fim, da hoto, shekara 50 ne. Wato abu biyu ne a cikin kaset ɗaya: waƙar kanta, da ɗaukar da aka yi mata. Kowanne da mai shi, kowanne da wa'adinsa. Kuma wannan haƙƙi dukiya ce da ake gada kamar sauran dukiya.

Doka ta ba mai fasaha ikon a ambaci sunansa, da ikon ƙin yarda a jirkita aikinsa ta yadda zai zubar masa da mutunci. Ta ce sayar da haƙƙi ɗungurungum ba ya inganta sai a rubuce. Ta kuma ba ka damar aika takardar koke ga kamfanin da ke riƙe da shafin intanet, ka nemi a sauke abinka da aka ɗora ba izini. Sannan ta tanadi kariya ga kayan gargajiya da ba su da mai su guda ɗaya, irin su tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin daɓe da na niƙa da zanen hula da na ƙwarya. Mu da muka gaje su muna amfani da su yadda muka saba, amma mai son fitar da su ya yi kasuwanci da su sai ya nemi izinin hukuma.

Dokar ba ta rufe ƙofar ilimi ba. Ta bar wa ɗalibi da mai bincike da mai sharhi da malamin aji damar ɗaukar abin da ya dace, ta kuma halatta mayar da littafi zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita. A takarda doka ce mai kyau. Matsalarta ita ce ba ta iso nan ba. Ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da otal-otal a madadin mawaƙa suna Legas, kuma sun shafe shekaru suna shari'a a tsakaninsu. Jikan makaɗi da ke zaune a ƙauyen Zurmi, wa zai kai shi can?

Na huɗu: ilimi ai na Allah ne

Wannan ita ce hujjar da na fi ji, kuma masu kawo ta ba jahilai ba ne. Suna cewa ɓoye ilimi zunubi ne, kuma wanda ya sayi littafi ya mallake shi, yana da ikon yin abin da ya ga dama da shi. Akwai malaman da suka tafi a kan haka. Amma majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, suna da ƙimar dukiya a al'adar mutane, kuma bai halatta a keta su ba. Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin zurfin wannan, ina fatan za su ƙara mana haske in an zo tambayoyi.

Ni abin da nake gani shi ne, malamin da ya ce a yaɗa karatunsa don Allah ya yi kyauta da abin da yake nasa, Allah ya ba shi lada. Wannan ba ya ba ni ikon yin kyauta da abin wani. Kuma ko shi mai kyautar bai ce a yanke maganarsa ba. Sau nawa aka ɗauki karatun awa biyu, aka tsinke daƙiƙa talatin, aka jefa a WhatsApp, malami ya wayi gari ana zaginsa a kan abin da ya kawo ne don ya rushe shi? Wannan cin amana ne ko da ba a ci ko kwabo ba.

Mu ma muna aro, kada mu manta. Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, Abubakar Imam ya ɗebo labaransa da dama daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya sa musu rigar Hausa har suka zama namu. Wannan aro ne daga rumbun kowa da kowa, kuma ya zuba nasa gumin a ciki. Amma ɗaukar fim ɗin Indiya da aka yi bara, a ɗora masa muryar Hausa a sayar ba tare da mai shi ya sani ba, ko a kwashe karin waƙar wani ɗungurungum a ce sabuwa ce, wani abu ne dabam. Ba zai yiwu mu yi kuka an ci namu ba, muna kuma cin na wasu.

Na biyar: ƙirƙirarriyar basira

Tun da aka fitar da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, duniya ta shiga sabuwar gardama. Irin waɗannan manhajoji suna koyo ne daga tarin rubutu da sauti da hotunan da mutane suka yi. A watan Disamba na 2023 jaridar New York Times ta kai kamfanonin OpenAI da Microsoft ƙara a kan amfani da rubuce-rubucenta. A watan Yuni na 2024 manyan kamfanonin waƙa na Amurka suka kai ƙarar Suno da Udio, manhajoji biyu masu haɗa waƙa daga ɗan umarnin da aka rubuta musu. Kafin nan, a 2023, an saki wata waƙa da muryoyin mawaƙa biyu 'yan Kanada, Drake da The Weeknd, alhali ba wanda ya buɗe baki a cikinsu. Miliyoyin mutane sun saurara kafin a sauke ta.

Ku kawo abin gida. Na'urar da za ta kwaikwayi muryar mawaƙin Kanada ba abin da zai hana ta kwaikwayon ta Ɗanƙwairo. Gobe ana iya jin sa yana wasa ɗan takarar da aka haifa bayan rasuwarsa, ko yana yi wa wani basarake zambon da bai taɓa yi ba. Wa zai tashi ya ce ƙarya ne? Mafi muni, ana iya sa wa malami fatawa a baki, ko a kira uwa da muryar ɗanta ana kuka ana neman kuɗin fansa. A yankin da irin wannan kira ya zama abin da kowane gida yake tsoro, ba sai na yi dogon bayani ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a guje wa wannan fasaha. Ina so ta iya Hausa, har da Hausarmu ta Zamfara, yadda tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta yi tambaya da bakinta a amsa mata, manomi ya nuna hoton ganyen gero a faɗa masa cutar da ta kama shi. Harshen da na'ura ba ta ji, masu shi za su zauna a baya. Sharaɗina shi ne na malaman da: a nemi izini, a faɗi inda aka ɗebo, in an samu riba a tuna da masu abin.

Akwai misalin da ya nuna hakan mai yiwuwa ne, daga fagen magani. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta haɗa maganin ciwon sikila mai suna Niprisan daga haɗin wani mai maganin gargajiya na ƙasar Yarabawa, Paul Ogunyale, haɗin da ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen wani nau'in dawa. An yi yarjejeniya da shi, an sa sunansa cikin masu mallakar ƙirƙirar. A watan Mayu na 2024 kuma ƙasashen duniya suka amince a Janiba cewa mai neman rajistar ƙirƙirar da ta dogara da tsiro ko ilimin gargajiya sai ya bayyana inda ya samo. Masu maganinmu na gargajiya su riƙe wannan, su daina zazzage sirrin gidansu ga duk wanda ya zo da rikoda da 'yar kyauta.

Na shida: fuskar mutum ma tasa ce

Wannan shi ya fi damuna, kuma ina roƙon matasa su saurara da kyau. Idan aka kawo hari a wani ƙauye, kafin a gama haƙa kabari hotunan gawarwaki sun cika Facebook. Matar da aka sako daga daji, ba ta ko sha ruwa ba, an kafa mata waya a fuska ana tambayarta abin da aka yi mata. Yaron da ke bara a sansanin gudun hijira an ɗauke shi an ɗora a TikTok, mabiya suna ƙaruwa, shi bai sani ba. Na yarda wani lokaci hoto shi ke sa hukuma ta motsa, kuma da ba don waya ba da yawa daga abin da ya same mu ba wanda zai ji. Amma akwai bambanci tsakanin shaida da tallar masifar wani. Ana iya ba da labari a rufe fuska. Ana iya tambayar mai abu kafin a ɗauka. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta lissafa hoton mutum da muryarsa cikin abin da ba a wasa da shi, addini kuma ya riga ta da umarnin suturta Musulmi, rayayye da matacce. Wannan matar za ta koma cikin danginta, 'ya'yanta za su girma, bidiyon kuma yana nan.

Kun tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara. Mutane suka riƙa tafiya har Funtuwa don su kira 'yan'uwa ko su karɓi kuɗi. Lokacin ne muka gane yadda rayuwarmu ta rataya a kan wannan 'yar na'ura, da kuma cewa makunninta ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi ne abin da muke ɗorawa da abin da muke turawa.

Na bakwai: daga ina za mu fara?

Daga gidajen magada. Kowane gidan makaɗi ko marubuci ya zauna ya fitar da wakili guda da kowa ya yarda da shi, a rubuta sunayen waƙoƙi, da wanda aka yi wa, da 'yan amshin da suka yi, tun tsofaffin da suka sani suna raye. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi babban aiki a kan makaɗan nan, ba daga fili za a faro ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda tana nan tun 1983, jami'ar tarayya ta Gusau tun 2013. Ɗalibanmu da ke karatun kwamfuta a can za su iya mayar da tsofaffin kaset zuwa na'ura, su taimaki magada su buɗe tasha da sunansu, su rubuta musu takardar koke in ta kama. Ranka ya daɗe, a nan ne muke buƙatar fada, domin in sarakuna suka kira irin wannan zama ba wanda zai ƙi zuwa, kuma yawancin waƙoƙin nan don gidajenku aka yi su.

Ku kuma matasa masu shiga situdiyo a Gusau ko Kano, kada ku fito sai da takarda: waƙar ta wa ce, kiɗan na wa ne, wa zai ɗora, yaya za a raba. Masu rumfar turi, ku haɗa kanku ku nemi masu finafinai da mawaƙa ku yi yarjejeniya, kuma ku daina goge sunan mai waƙa kuna sa na shagonku. Sauranmu, duk abin da za mu tura, mu tura shi da sunan mai shi, cikakke ba yankakke ba, in kuma fuskar wanda ke cikin tashin hankali ce, mu bar ta a inda muka gan ta.

Ranka ya daɗe, malamai, iyaye da 'yan'uwa, a nan zan dakata.  Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya dawo mana da zaman lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bismillah, kuma in akwai wani daga gidan makaɗa ko mai rumfar turi a cikinmu, ina roƙon a fara ba shi dama.